Kanwa da Toka 'Yan Gida Ɗaya Ne

Duk macen da ta iya girki a birnin Sakkwato ta san in ta ɗora wake, ta duba ba kanwa a ɗaki, ba ta sauke tukunya ba ke nan. Sai ta ɗebi tokar kara, ta zuba mata ruwa, ta tace, ta tsiyaya a cikin waken, ya nuna luguf kamar da kanwa aka dafa shi. Majema su ma da toka su kan jiƙa fatar akuya har gashi ya saki, in kuma za su fid da jan karan dafi sai su sa masa kanwa. Marina ba su haɗa baba sai da toka. Alhali kuwa kanwa daga ƙasa a ke samunta, fatake su ɗauko ta tun daga Barno da Muniyo bisa jakai da raƙuma, toka kuwa a murhu a ke kwasarta. To, me ya gama abin da aka haƙo a ƙasa da abin da wuta ta ci ta bari? Mutanen da sun san aikin sarai. Dalilin ne sai da aka yi shekara fiye da ɗari ana bin sawunsa a ƙasashen Turai kafin a kama shi.

Malaman Sakkwato na zamanin jihadi suna da nasu bayani a kan asalin abubuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin cikin 1809, ya wallafa littattafai a kan magani, kuma ilmin magani na wancan zamani bisa tushe huɗu aka gina shi, watau wuta da iska da ruwa da ƙasa. Daga Yunanawa Larabawa suka karɓo wannan magana, suka yaɗa ta har ƙasar Hausa. Ƙarafa kuwa bakwai aka sani: zinariya, azurfa, tagulla, baƙin ƙarfe, kuza, dalma da zaiba. Akwai waɗanda suka ƙarar da dukiyarsu da rayuwarsu, a Bagadaza da Masar da Turai, wajen neman dabarar mai da dalma zinariya. Ba wanda ya dace, amma garin neman suka koyi tacewa da narkarwa da awo, kuma daga sunan sana'arsu kalmar kimiyya ta fito.

Wani Bafaranshe, Lavoisier, shi ya rushe zancen tushe huɗu. Ya nuna ruwa ba tushe ba ne, iska iri biyu ne suka haɗu suka zama shi, oksijin da haidirojin. Cikin 1789 ya jera abubuwa 33 waɗanda ya ke zaton ba su rabuwa su zama wani abu dabam, ko an ƙona ko an narkar. Irin waɗannan su a ke kira sinadarai. Baƙin ƙarfe sinadari ne, farar wuta sinadari ce, amma gishiri da kanwa da yashi gauraye ne, kowanne ya ƙunshi sinadarai biyu ko fiye. Ƙaramin yanki na sinadari, wanda ba ƙasa da shi, shi ne ƙwayar zarra.

Cikin 1807, shekara uku bayan hijirar Shehu zuwa Gudu, ana tsakiyar yaƙi da Gobir, wani masani a birnin Landan mai suna Humphry Davy ya ɗauki abin da a ke tacewa daga toka ya sakar masa ƙarfin lantarki. Sai ga waɗansu 'yan ƙwallaye suna fitowa, suna walƙiya kamar zaiba, waɗansu suna kamawa da wuta nan take. Ashe ƙarfe ne a ɓoye cikin toka, ba wanda ya taɓa ganinsa tun da aka halicci duniya. Ya sa masa suna fotasiyam. Bayan 'yan kwanaki ya yi wa ɗan'uwan kanwa haka, ya sami wani ƙarfe, sodiyam. Ƙarafan nan biyu abin mamaki ne ga duk wanda ya saba da ƙarfen gatari. Suna da taushi har wuƙa ta kan yanka su kamar sabulu, ba su nutsewa a ruwa, in kuwa aka jefa su ciki sai su yi ta cuwa suna zagayawa. Sodiyam ya kan narke ya dunƙule yana gudu bisa ruwan, fotasiyam kuwa wuta ya kan kama. Saboda haka cikin mai a ke ajiye su. A littattafan kimiyya na duniya duka, alamar sodiyam Na ce, daga naɗarun, sunan kanwa da Larabci, alamar fotasiyam kuwa K, daga kalmar Larabawa ta tokar tsire-tsire. Ga kanwa da toka ke nan sun shiga littafi da sunayensu.

Da sinadarai suka yi ta ƙaruwa, sai masana suka fara lura waɗansu suna kama da juna kamar 'yan uwa. Wani Bajamushe, Döbereiner, cikin 1829 ya kasa waɗansu uku-uku. In an ɗauki zarrar haidirojin a matsayin 1, nauyin zarrar litiyam 7 ne, na sodiyam 23, na fotasiyam 39. Mai karatu ya gama 7 da 39 ya raba biyu, zai sami 23 daidai. Na tsakiya a nauyi shi ne na tsakiya a hali. Sa'an nan wani Ba'ingilishi, Newlands, cikin 1865 ya jera su daga mara nauyi zuwa mai nauyi, ya ga in ka fara ƙirga daga ɗaya, na takwas ya kan ɗauko halin na farko. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, don yaron da aka haifa ran Juma'a, ran Juma'a a ke raɗa masa suna. Kwanaki suna tafiya gaba, amma sunayensu kewayowa su ke yi. Da Newlands ya kai maganarsa gaban taron masana, wani daga cikinsu ya yi masa ba'a, ya tambaye shi ko ya gwada jera su bisa harufan sunayensu. Sai bayan shekara ashirin da 'yan kai aka ba shi lambar girma, bayan wani ya riga ya tafi da sunan.

Wannan wani kuwa shi ne Dmitri Mendeleev, mutumin Rasha, wanda aka haifa a Tobolsk cikin ƙasar Saberiya a 1834. Yana koyarwa a babbar makarantar birnin St. Petersburg, yana rubuta wa almajiransa littafi, ya rasa da wane sinadari zai fara, wanne zai bi masa. A lokacin an san guda 63. Cikin 1869, zamanin da Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu ya ke sarautar Musulmi a Sakkwato, Mendeleev ya fid da jadawalinsa, gida-gida kamar hatimin da malamai ke zanawa a allo. In ka bi ta gefe guda nauyi yana ƙaruwa, in ka bi ta ɗaya gefen sai ka tarar da 'yan uwa masu hali ɗaya.

Abin da ya fifita shi bisa waɗanda suka riga shi, ƙarfin zuciya ne. Inda nauyi da hali suka saɓa, sai ya bi hali. Zarrar teluriyam ta ɗan fi ta aidin nauyi, amma ya sa teluriyam a gaba, don aidin ya faɗa cikin danginsa. Inda kuma ya ga ba wanda ya dace da wani gida, bai cusa baƙo ba, ya bar gidan fanko, ya ce mai shi yana nan, ba a dai gano shi ba tukuna. Bai tsaya nan ba, cikin 1871 ya kwatanta kamannin waɗanda ba a gani ba, da nauyinsu da halinsu, kamar mutumin da ya san uba da kaka da maƙwabta, ya ce ga yadda ɗan zai kasance.

Cikin 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano wani sabon ƙarfe, ya sa masa suna galiyam. Ya auna, ya ce ya ninka ruwa nauyi sau 4.7. Mendeleev, wanda ko ganin ƙarfen bai taɓa yi ba, ya rubuta ya ce a sake awo, kamata ya yi a sami wajen 5.9. Bafaranshen ya ƙara tace ƙarfensa ya sake aunawa, ya sami 5.9. Mendeleev ya riga ya faɗa cewa ƙarfen ba zai yi wuyar narkewa ba, haka kuwa aka tarar, zafin tafin hannu ya isa ya narkar da shi. Da za a ajiye shi a Sakkwato da bazara, ko a inuwa ruwa zai zama. Cikin 1879 aka cike gida na biyu a ƙasar Suwidin, cikin 1886 kuma Winkler ya gano jamaniyam a Jamus. Mendeleev ya ce nauyin zarrarsa 72, aka tarar 72 da ɗoriya kaɗan. Ya ce zai ninka ruwa sau 5.5, aka sami 5.35. Daga nan masu musu suka yi shiru.

Jadawalin ya ci gaba da cika bayan rasuwarsa a 1907, har cikin 2016 aka raɗa wa huɗu na ƙarshe suna, suka zama 118, sahu bakwai a kwance, gidaje 18 a tsaye. Gida na farko, a hannun hagu, shi ne gidan kanwa da toka. Cikin ƙarafan gidan, litiyam a sama, wanda ke cikin batirin wayar hannu, sai sodiyam, sai fotasiyam, da waɗansu a ƙasa. Duk hali ɗaya, amma gwargwadon sauka gwargwadon zafin rai. Litiyam ya kan yi kumfa a ruwa sannu-sannu, na can ƙasa kuwa fashewa su ke yi.

In aka tashi daga sodiyam aka bi sahunsa zuwa dama, sai a ga halin ƙarfe yana raguwa taki-taki. Bayan sodiyam sai magniziyam, sai alminiyam da a ke zuba tukwane da shi, dukansu ƙarafa. Na huɗu silikon, wanda shi da oksijin ne yashin gulbin Rima, shi ba ƙarfe ba, shi ba wanin ƙarfe ba. Sai fosfaras na takin zamani, wanda a ke samun duwatsunsa wajen Dange da Shuni. Sai farar wuta, wadda guduma ke marmashewa. Na bakwai kulorin, iska ce mai ɗorawa-ɗorawa mai shaƙe mutum, wadda aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Farko cikin 1915, kuma ita a ke ɗiga wa ruwan famfo kaɗan don ta kashe ƙwayoyin cuta. A gidan kulorin abin juyawa ya yi, na sama ya fi zafi, na ƙasa ya fi sanyi, shi ya sa aidin, da ke ƙasa da ita hawa biyu, har a kan shafa shi a rauni. Ƙarfen da ke tafasa a ruwa da iskar da ke shaƙe mutum kuwa, in suka haɗu, gishiri su ke zama. Kantun Bilma da gishirin Fogha da fatake suka yi ta kawowa kasuwar Sakkwato, ainihinsu ke nan.

Akwai gida guda da Mendeleev bai san da shi ba. Cikin 1894 Rayleigh da Ramsay a Ingila suka gano wata iska da ke cikin wadda kowa ke shaƙa, kusan kashi ɗaya cikin ɗari, ba ta ƙonewa, ba ta haɗuwa da kome. Suka sa mata suna argon, watau malalaciya da harshen Yunanawa. Kafin 1898 ta ƙare an sami 'yan uwanta, aka buɗe musu gida a ƙarshen dama. Da haka makon Newlands ya ƙaru da kwana ɗaya, sahun sodiyam ya zama takwas. Sahun da ke ƙasa sun fi haka tsawo, 18 da 32.

Har yanzu dai ba a faɗi dalili ba. Mendeleev da kansa ya mutu bai san shi ba. Cikin 1913 wani saurayi Ba'ingilishi, Henry Moseley, ya nuna cewa kowane sinadari yana da lamba tasa, kuma lambar ce ke ba shi gida, ba nauyi ba. Teluriyam 52, aidin 53. Ashe Mendeleev da ya bi hali ya yi daidai. Moseley bai ci amfanin aikinsa ba, harsashi ya same shi a Galifoli wajen yaƙi da Turkawa cikin Agusta 1915, yana ɗan shekara 27.

Ga yadda abin ya ke. Kowace zarra tana da cibiya mai ƙarfin ja, lambar sinadari kuwa ita ce yawan ƙwayoyin lantarki da ke cikin cibiyar. A kewaye da ita akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsi, ilektaron, adadinsu daidai da lambar, suna zaune da'ira bayan da'ira, kamar fada da birni da ƙauyuka. Da'irar ciki biyu ta ke ɗauka, mai bi mata takwas. Sodiyam yana da 11, watau biyu, da takwas, da guda ɗaya tilo a waje. Fotasiyam yana da 19, biyu, takwas, takwas, da guda ɗaya tilo a waje. Na waje kuwa shi kaɗai ke hulɗa da maƙwabta. Wannan ne ya gama kanwa da toka. Kowannensu ɗaya gare shi a bakin iyaka, yana neman ya rabu da shi. Na fotasiyam ya fi nisa da cibiya, kuma kowa ya san ƙauyen da ke nesa da fada ya fi saurin balle wa. Kulorin tana da 17, biyu, takwas, bakwai, saura ɗaya da'irarta ta cika. Mai neman kai da ɗaya ya gamu da mai neman ɗaya, ciniki ya faɗa. Argon kuwa 18, da'irarta a cike, ba ta saye ba ta sayarwa. Daga hagu zuwa dama ƙarfin cibiya yana ƙaruwa, da'ira ba ta ƙaru ba, sai zarra ta tsuke ta riƙe nata gam. Daga sama zuwa ƙasa da'ira tana ƙaruwa, zarra ta yi girma, riƙo ya yi sako-sako.

Maƙeran Assada da sauran maƙeran birni a tsakiyar jadawali sana'arsu ta ke. Maƙerin fari da gida guda ya ke aiki, tagulla a sama, azurfa a tsakiya, zinariya a ƙasa. A wannan gida ba a bi al'adar gidan kanwa ba, na ƙasa shi ya fi haƙuri. Tagulla ta kan yi tsanwa, azurfa ta kan dushe, kamar riyalan nan masu tambarin 1780 da a kan narkar a yi mundaye, zinariya kuwa ko ta shekara dubu a ƙasa yadda ta shiga haka za ta fito. Don haka a ke tsintarta tsantsa a yashi. Baƙin ƙarfe ba haka ba ne, yana kama oksijin, shi ne tsatsa, kuma tama kusan tsatsa ce da ta daɗe. Sai an tara gawayi an sa zugazugi, gawayin ya ƙwace oksijin, sa'an nan ƙarfe ya fito. Alminiyam ya fi haka riƙo, gawayin maƙera ba ya iya masa. Yana nan cikin lakar kowane gini na ƙasa da ke birni, amma sai cikin 1886 aka sami hanyar fid da shi da araha ta ƙarfin lantarki. Kalsiyam, maƙwabcin fotasiyam na dama, mai ba da biyu, shi ke cikin ƙashin mutum da haƙoransa, shi ne kuma cikin farin dutsen Kalambaina. Saboda dutsen nan aka kafa kamfanin siminti a can cikin 1962, ya fara aiki a 1967.

Gida na 14 ya fi kowanne nuna yadda hali ke sauyawa daga sama zuwa ƙasa, kuma kusan dukan 'ya'yansa suna maƙera. A sama kabon, watau gawayi, ba ƙarfe ba ne ko kaɗan. Sai silikon na yashi, sai jamaniyam da Mendeleev ya bar wa gida, sai kuza, sai dalma, ƙarafa sosai, masu taushi da saurin narkewa. Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Liruwe ana kai ta kasuwanni, Hausawa kuwa sau da yawa su kan kira kuza da dalma da suna ɗaya. Ba su yi kuskure ƙwarai ba, ɗaya a kan ɗaya su ke a jadawali. Amma kuza a kan shafe gwangwanin abinci da ita ba abin da ke faruwa, dalma kuwa dafi ce. Cikin gauraye ta kan ba da biyu kamar kalsiyam, girmansu kuma bai yi nisa ba, sai jiki ya ɗauke ta a kan kalsiyam ce, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ƙaramin yaro da ƙashinsa ke girma shi ya fi sha.

Cikin 2010 aka ga abin da wannan ke jawowa a ƙasar Zamfara, wadda da tana cikin Lardin Sakkwato. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa haƙar dutse. Su kan kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen cike ya ke da dalma. Yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa, aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jini aka auna. Yara fiye da 400 suka mutu a Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega da maƙwabtansu, dubbai suka rayu da dalma a jininsu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa, kafin magani ya yi amfani. Na Bagega bai samu ba sai 2013. Cikin 2015 abin ya sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Dutsen da ya fi ɗauke da dalma a duniya, haɗin dalma ne da farar wuta, mai nauyi, mai ƙyalli, yana fashewa da kusurwa-kusurwa. Masu koli sun san shi, don yawancin tozalin dutse da a ke niƙawa a zuba a tandu shi ne. Cikin 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka tarar da dalma a jinin wani jariri, suka bi sawu har suka kai ga tozalin da aka kawo daga Nijeriya ana sa masa a ido. Da aka auna tozalin, aka sami fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.